Wa Ke Da Ta Cewa A Zauren Masu Kuɗin Duniya?

Tun daga watan Janairu na 2025, sa'ad da gwamnatin Barazil ta ba da sanarwar an karɓi Nijeriya a matsayin ƙawar ƙungiyar nan ta BRICS, ban huta da tambaya a kan wannan magana ba. Ta baya-bayan nan daga wani dattijo ce, mai fataucin goro, wanda muka yi sallar Juma'a tare a Agege. Muna fitowa ya kama hannuna ya ce, "Malam, ku da kuke karanta takardun Turawa, wai gaskiya ne mun bar layin Amurka mun koma layin Sin, har ma dala za ta faɗi?" Na ce masa, "Alhaji, wannan magana ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci, amma ka nemi jarida mako mai zuwa." To, Alhaji, ga alkawari na cika, kuma ina roƙon sauran masu karatu su yi haƙuri mu ɗauko zancen daga tushe.

A cikin watan Yuli na 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wakilan ƙasashe 44 suka taru a wani ƙauye da ake kira Bretton Woods a ƙasar Amurka, don su tsara yadda harkar kuɗi za ta gudana bayan yaƙi. A nan aka haifi Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda kowa ya fi saninsa da IMF. Daga Afirka ƙasashe huɗu kurum suka halarta, watau Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Mu a lokacin muna hannun Ingila, ba wanda ya tambaye mu. Sai a 1961 Nijeriya ta shiga, ta tarar an riga an shimfiɗa tabarmi, kowa ya san wurin zamansa.

Wanda ya san adashi ya san rabin IMF. Kowace ƙasa tana da zubinta, kuma idan ta shiga matsi tana iya kwasa gwargwadon wannan zubi. Inda aka bambanta shi ne a nan ƙuri'a ma gwargwadon zubi ake ba da ita, zubin kuwa ba kai kake yanka wa kanka ba, yanka maka ake yi. Amurka tana riƙe da kimanin kashi 16 da rabi daga cikin ɗari na ƙuri'u. Mai karatu zai ce ai wannan bai kai rinjaye ba. Haka ne, amma dokar Asusun ta ce duk wata babbar shawara, kamar ƙarin zubi ko sauya dokar kanta, ba ta wucewa sai da kashi 85. Ka ga ke nan in duk duniya ta ce i, Amurka ta ce a'a, magana ta mutu. Cikin ƙasashe 191 da ke Asusun ita kaɗai ke da wannan kujerar na-ƙi. Bayan wannan akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ba a taɓa karya ta ba: shugaban IMF Bature ne daga Turai, shugaban Bankin Duniya kuma wanda Amurka ta tsayar.

Ƙasashe masu tasowa ba yau suka fara ƙorafi ba. A 1974, bayan farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, Shugaba Houari Boumediene na Aljeriya ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi zama na musamman, aka zartar da ƙudurin neman sabon tsarin tattalin arzikin duniya. An yi jawabai masu zafi, an tafa. A watan Oktoba na 1981 shugabannin ƙasashe 22 suka haɗu a garin Kankun na ƙasar Meziko, har da Alhaji Shehu Shagari da Julius Nyerere da Indira Gandhi, suka zauna da Ronald Reagan da Margaret Thatcher, aka watse ba a ƙulla kome ba. Ko shekara ba a yi ba, a watan Agusta na 1982, Meziko ta ce ba ta iya biyan bashinta, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda jiya suke neman a sake tsarin duniya sai ga su a ƙofar IMF da ƙoƙo a hannu.

Mu ma ba mu tsira ba. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna da muhawarar 1985, sa'ad da Janar Ibrahim Babangida ya ce jama'a su faɗi ra'ayinsu a kan karɓar rancen IMF. An yi ta a rediyo, an yi ta a jaridu, an yi ta a rumfunan kasuwa, jama'a suka ce ba su so, gwamnati ta ce ta ji. Amma a 1986 sai ga shirin SAP, aka karya darajar Naira, aka soma janye tallafi, aka rage ma'aikata. Mun ƙi cin ladan kuturu, aski kuwa sai da muka yi masa, domin masu binmu bashi a London da Paris ba su yarda su ɗaga mana ƙafa ba sai IMF ta shaide mu.

Abin da jawabai suka kasa yi, aljihu ne ya yi shi. A 1997 kuɗin Tailan ya faɗi, annobar ta bazu zuwa Indonesiya da Koriya ta Kudu, IMF ta zo da maganinta mai ɗaci. Har yanzu mutanen Indonesiya ba su manta da wani hoto na watan Janairu na 1998 ba, inda Shugaba Suharto ya sunkuya yana sa hannu a takarda, shugaban Asusun, Michel Camdessus, yana tsaye a kansa ya harɗe hannuwa kamar malami da almajiri. Ƙasashen Asiya suka ɗauki darasi, suka shiga tara ajiyar kuɗin ƙasashen waje don kada su sake zuwa roƙo, har ajiyar Sin ta zarce ta kowace ƙasa a duniya. Barazil ma ta biya IMF bashinta kaf a ƙarshen 2005, tun wa'adi bai cika ba.

Da bango ya tsage a 2008, wannan karo a Amurka ne, bankunan da ake ganin ba sa mutuwa suka soma faɗuwa. Manyan ƙasashe bakwai da suka saba yanke shawara su kaɗai suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai aka kira shugabannin ƙasashe ashirin zuwa Washington a watan Nuwamba, watau ƙungiyar G20, wadda tun 1999 take amma a matsayin taron ministocin kuɗi kawai. A taron London na 2009 aka yarda a ninka kuɗin IMF sau uku. Sin ta yi alkawarin ba ta rancen da ya kai dala miliyan dubu 50, Barazil da Indiya da Rasha kowace miliyan dubu 10. Mabaraci ya koma mai ba da rance. A kan haka aka yi gyaran 2010, wanda ya ƙara wa ƙasashe masu tasowa kimanin kashi 6 na zubi, ya kuma sa Sin da Indiya da Barazil da Rasha cikin goman farko. Sai dai majalisar dokokin Amurka ta zauna a kan takardar har watan Disamba na 2015, kuma ba wanda ya isa ya motsa ta. Ko bayan gyaran, Sin tana da kimanin kashi 6 ne na ƙuri'u, ƙasa kaɗan da Japan, alhali tattalin arzikinta ya ninka na Japan sau huɗu. Indiya ba ta kai kashi 3 ba, Ingila kuwa tana da 4. Mu namu kimanin rabin kashi ɗaya ne. A watan Disamba na 2023 aka sake yarda da ƙarin zubi da rabi, amma kowa a bisa kasonsa na dā, watau an faɗaɗa zaure, wurin zama bai sauya ba.

Kada a ce wannan lissafin malaman makaranta ne. A watan Agusta na 2021, saboda annobar korona, IMF ta raba wa ƙasashe kuɗin ajiya na dala miliyan dubu 650, kuma gwargwadon zubi aka raba. Amurka ita kaɗai ta sami fiye da miliyan dubu 110. Afirka baki ɗaya, daga Alkahira har Kef, kimanin miliyan dubu 33 ta samu.

Har zuwa nan, Alhaji, ƙorafin Sin da Indiya da Barazil gaskiya ne, kuma ina tare da su. Inda nake so mu yi hattara shi ne wurin ɗauka cewa da bakinmu suke magana. Bari in kawo misali da auduga, tun da yake abu ne da muka sani.

A 2003 ƙasashe huɗu matalauta, Binin da Burkina Faso da Mali da Chadi, suka kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya cewa tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashi a kasuwar duniya, yana jefa miliyoyin manoman Afirka ta Yamma cikin yunwa. A watan Satumba na wannan shekara aka yi taron ministocin ciniki, a Kankun ɗin nan dai. Wannan karo Barazil da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu suka haɗa kai da sauran ƙasashe masu tasowa suka ƙi sa hannu a abin da Amurka da Turai suka shirya, taro ya watse. Aka yi murna, aka ce zamanin danniya ya wuce. Barazil kuma ta riga ta shigar da ƙarar Amurka a kan wannan tallafi tun 2002, Binin da Chadi suka shiga shari'ar a matsayin waɗanda abin ya shafa. Barazil ta yi nasara, aka ɗaukaka ƙara ta sake yin nasara, har a 2009 aka ba ta izinin ramuwa a kan kayan Amurka.

To, yaya aka ƙare? A 2010 Amurka ta ce maimakon ta janye tallafin za ta riƙa biyan Barazil dala miliyan 147 kowace shekara, a zuba a wata cibiya ta manoman audugar Barazil. Barazil ta karɓa. A 2014 aka ba ta dala miliyan 300 a dunƙule, aka rufe shari'a. Manomin Amurka ya ci gaba da samun taimakon gwamnatinsa da sabon suna, manomin Barazil ya sami diyya, manomin Chadi kuwa, wanda aka yi ta ambaton talaucinsa a zauren shari'a, ba a biya shi diyya ba. Shekara goma bayan haka Barazil ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da auduga. Ita ma Sin tana cikin manyan masu tallafa wa manoman audugarsu. Ban ga laifin Barazil ba, gwamnatinta mutanen Barazil suka zaɓe ta, su ta yi wa aiki. Laifin na wanda ya zaci lauyan maƙwabci nasa ne. Kuma duk wanda ya san Funtuwa da Gusau a zamanin da ake layin motocin auduga, ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke busa ƙahon tashi daga aiki, sa'an nan ya shiga Kantin Kwari ya duba daga ina yawancin atamfofin suke zuwa, ba sai an gaya masa cewa ƙasa mai tasowa ma tana iya cin kasuwar 'yar'uwarta ba.

Haka abin yake wajen rabon muƙami. A 2011, da kujerar shugaban IMF ta zama babu kowa, wakilan ƙasashen BRICS a Asusun suka fitar da takarda tare suna sukar al'adar nan ta cewa sai Bature. Ga kuma ɗan takara daga ƙasa mai tasowa, Agustin Carstens, gwamnan babban bankin Meziko. Da lokacin zaɓe ya zo sai Sin da Barazil da Rasha da Indiya suka goyi bayan Christine Lagarde ta Faransa. Ba a yi wata guda ba aka naɗa wani ɗan Sin, Zhu Min, cikin mataimakanta. A 2012 tamu ta tsaya, Ngozi Okonjo-Iweala, tana neman shugabancin Bankin Duniya, inda ta yi aiki fiye da shekara ashirin. Ko jaridun Turawa sun ce ita ta fi cancanta. Manyan ƙasashe masu tasowa suka kasa haɗa baki a kanta, Rasha ma ta fito fili ta bi ɗan takarar Amurka, Jim Yong Kim, shi ya ci. Daga baya a 2021 ta sami shugabancin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, amma ta tarar da ita a raunane, domin tun watan Disamba na 2019 kotun ɗaukaka ƙararta ta daina zama saboda Amurka ta hana a naɗa alƙalai. Kotun da ta ba Barazil gaskiya ke nan.

Za a ce ai sun gina nasu zauren. Lalle sun gina. A taron Fortaleza na ƙasar Barazil a 2014 ƙasashen BRICS biyar suka kafa Sabon Bankin Raya Ƙasa, hedkwatarsa a Shanghai, kuma abin yabo ne cewa kowace ta zuba daidai da 'yar'uwarta, dala miliyan dubu 10, ba mai kujerar na-ƙi. Amma a duba abu biyu. Sun kuma kafa asusun ko-ta-kwana na dala miliyan dubu 100 wanda aka ce shi ne kishiyar IMF, sai ga shi a cikin dokarsa an rubuta cewa ƙasa ba za ta ɗauki fiye da kashi 30 na rabonta ba sai ta nuna tana da shiri da IMF. Ashe su ma ba su yarda su ba juna rance ba sai da shaidar uwar adashin da suke zagi. Na biyu, da yaƙin Yukren ya tashi a 2022, bankin nan ya dakatar da sabuwar hulɗa da Rasha, wadda ke cikin masu shi, don kada a rufe masa ƙofar kasuwannin da yake samo dala. Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu, Alhaji. Fiye da rabin ajiyar manyan bankunan duniya da dala take, kuɗin Sin kuwa kimanin kashi 2 ne. Tana iya raguwa sannu a hankali, amma kada ka sayar da goronka bisa zaton gobe za ta faɗi.

Wani bankin da Sin ta jagoranci kafawa, na gina hanyoyi da tashoshi a Asiya, ya buɗe a Beijing a watan Janairu na 2016, har Ingila da Jamus da Faransa suka shiga duk da ƙin Amurka. A cikinsa Sin tana da kimanin kashi 26 na ƙuri'u, babbar shawara kuwa sai da kashi 75. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Shugabansa na farko ɗan Sin ne, wadda aka zaɓa a 2025 ta gaje shi ita ma 'yar Sin ce. An yi shekaru ana kukan tsarin Bretton Woods, da dama ta samu sai aka kwafe shi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne maganar bashi, domin a nan manyan ƙasashe masu tasowa sun tashi daga sahun mabarata sun koma sahun masu bin bashi. Zambiya ta kasa biya a watan Nuwamba na 2020, ta nemi sauƙi a ƙarƙashin wani tsari da G20 ta fito da shi. Sin ce ta fi kowace gwamnati binta, ta ce ba za ta yi asara ita kaɗai ba, sai Bankin Duniya da 'yan kasuwar Turai masu riƙe da takardun bashin su ɗauki nasu kason. Su kuma suka ce Sin ta fara. Ana wannan ja-in-ja kuɗin Zambiya yana lalacewa, farashin garin masara yana hawa. Sai a watan Yuni na 2023 aka daidaita a kan bashin dala miliyan dubu 6 da miliyan 300, na 'yan kasuwa kuma sai 2024. Chadi da Habasha da Ghana duk sun bi wannan layi. A dā mai bashi ƙofa ɗaya yake durƙusawa, a Paris. Yanzu sai ya je Paris, ya je Beijing, ya je Washington, kowa yana cewa sai ya ga abin da ɗayan ya yafe.

Ban ce ba a sami kome ba. A taron New Delhi na watan Satumba na 2023, da ƙoƙarin Indiya, Tarayyar Afirka ta zama cikakkiyar wakiliya a G20. A watan Nuwamba na 2024 aka ƙara wa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kujera ta uku a hukumar gudanarwar IMF. A watan Nuwamba na 2025 aka yi taron shugabannin G20 a Johannesburg, karo na farko a ƙasar Afirka, ko da yake Amurka ta ƙaurace masa. Kuma samun masu ba da rance da yawa ya fi samun ɗaya, ko ɗan tireda ya san haka. Amma Nijeriya ba ta cikin G20, gayyatarta ake yi kamar baƙon biki. A BRICS ma ƙawa ce, ƙawa kuwa tana zuwa ta zauna ta ci abinci, ba ta cikin masu yanke sadaki. Masar da Habasha sun zama cikakkun 'yan ƙungiya tun 2024.

Abin da ya fi burge ni a 'yan shekarun nan ba a ɗayan waɗannan zaurukan ya faru ba. Shekara da shekaru dokokin harajin manyan kamfanoni, waɗanda ke cin riba a ƙasashenmu su kai ta wani tsibiri su ɓoye, a Paris ake rubuta su, a ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD. A watan Nuwamba na 2023 Nijeriya, da sunan ƙasashen Afirka, ta gabatar da ƙuduri a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a mai da wannan aiki can, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya komai talaucinta. Ƙasashe 125 suka ce i, 48 suka ce a'a, ciki har da Amurka da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, 9 suka ƙi jefawa. Wannan karo Afirka ce ta rubuta takardar da hannunta, ta san abin da take so tun kafin ta shiga zaure, Sin da Indiya da Barazil suka bi bayanta. A watan Fabrairu na 2025 Amurka ta fice daga tattaunawar, sauran suka ci gaba, an kuma sa 2027 a matsayin shekarar kammala yarjejeniyar. In Allah ya kai mu wani mako za mu duba abin da ke cikinta, da yawan abin da zai iya shiga baitulmalinmu in an kai ga sa hannu. Alhaji, a gaida mutanen zango.